Yadda Ake Koyar da Zagayen Sauyawar Duwatsu a Ƙaramar Sakandare

Kafin ranar darasi, malami ya umarci ɗalibai su tsinto duwatsu daga hanyarsu ta makaranta, domin yaron da ya riƙe dutse a hannunsa ya fi saurin fahimta a kan wanda aka zana wa kibiyoyi a allo. A baje su a kan tebur, a bar ɗaliban su ware su bisa launi da kaushi da nauyi, tun kafin a ambaci sunan kowane rukuni.

Daga nan sai a gabatar da rukunai uku: dutsen da ya daskare bayan narkewa, kamar Dutsen Zuma da Kufena ta Zariya, dutsen da yashi ko laka ko ɓawon halittun ruwa suka taru hawa-hawa suka samar, kamar dutsen siminti na Kalambaina a Sakkwato, da kuma wanda zafi da matsi suka rikiɗar ba tare da ya narke ba, kamar mabul.

Mataki mafi muhimmanci shi ne gwajin kyandir. A samo kyandir mai launi biyu ko uku, a kankare shi da cokali, a bayyana cewa ɓarɓashin yana madadin abin da ruwa da iska ke zaizayewa daga dutse. A zuba shi launi bisa launi a cikin leda, a danne da littafi har ya manne, ga dutsen taruwa ke nan. Sai a tsoma ledar a ruwan ɗumi, a murɗa ta da ƙarfi har layukan su lanƙwashe, wanda ke nuna rikiɗa. A ƙarshe malami da kansa, ba ɗalibi ba, ya narkar da wani ɓangarensa a gwangwani, ya bar shi ya huce, ga dutsen da ya daskare bayan narkewa ke nan.

A nan ne ya kamata a gyara kuskuren da zanen da'irar sauyawar duwatsu ke shukawa, wato zaton cewa dole dutse ya bi matakan a jere. A sake kankare kyandir ɗin da ya rikiɗa, ɗalibai su ga cewa yana komawa ɓarɓashi kai tsaye. A jaddada musu kuma cewa abin da aka yi cikin minti 40 yakan ɗauki miliyoyin shekaru a ƙasa.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya rubuta hanyoyi biyu da tsakuwarsa za ta iya bi ta zama wani dutsen dabam.