Kurakuran da ke kashe fim ɗin yaro mai baiwar kiɗa, da yadda za a gyara su

Evan Taylor yaro ne ɗan shekara 11 da ya tashi a gidan marayu a jihar New York ta Amurka. Bai taɓa sa iyayensa a ido ba, amma ya ƙudurce a ransa cewa suna raye, kuma in ya yi kiɗa za su ji su zo. Uwarsa Lyla gwanar celo ce, ƙaton gogen nan na Turawa da ake kafawa a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Ubansa Louis mawaƙi ne mai kaɗa jita. Dare ɗaya suka haɗu a saman wani bene, daga nan aka raba su. Da mota ta buge Lyla tana da tsohon ciki, sai mahaifinta ya ce mata jaririn ya koma, alhali ya yi sa hannun ƙarya da sunanta ya ba da shi. Wannan shi ne tushen fim ɗin August Rush na 2007, wanda Kirsten Sheridan ta ba da umarni, Freddie Highmore ya fito a matsayin yaron, Robin Williams kuma a matsayin Wizard, mutumin da ya ci da guminsa, ya kuma laƙaba masa sunan August Rush.

Kayan haɗin fim mai kyau duk sun taru a nan: maraici, rabuwa, kiɗa mai ratsa jiki, manyan jarumai. Ɗaya daga cikin waƙoƙinsa har ta shiga jerin masu neman kyautar Oscar a 2008, kuma akwai masu sonsa har gobe. Duk da haka masu sharhi da yawa sun caccake shi, 'yan kallo da dama kuma sun tashi da irin maganar da muka saba yi in fim ya ba mu kunya: kiɗan ya yi daɗi, amma an raina mana hankali. Ni ma ina cikinsu, kuma abin ya yi mini ciwo domin ina son labarin. Na rubuta wannan ne saboda duk mai niyyar rubuta fim a kan yaro mai baiwa, ko kiɗa ne, ko zane, ko lissafi, don kurakuran iri ɗaya ne.

Babban kuskure, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, shi ne a nuna baiwa ba tare da koyo ba. Ranar da Evan ya fara taɓa jita, ranar ya gwanance. Ya kwantar da ita yana bugun tsirkiyoyin da tafin hannu, sai ga sauti irin na wanda ya shekara goma yana yi. Daga baya ya fake a wani coci, wata yarinya mai suna Hope ta nuna masa alamomin rubutun kiɗa kafin ta tafi makaranta. Kafin ta dawo ya cika takardu da kiɗan da ya tsara da kansa, ya kuma hau ƙaton abin kiɗan cocin mai bututu yana sarrafa shi. Cikin 'yan watanni ya shiga Juilliard, shahararriyar makarantar kiɗa ta New York, har ƙungiyar makaɗan New York Philharmonic ta amince ta kaɗa abin da ya rubuta.

Duk wanda ya taɓa riƙe molo ko gurmi ko jita ya san abin da aka tsallake. Yatsu sai sun yi ƙuna, sun yi kanta, kafin su iya danne tsirkiya ta fitar da sauti mai tsabta. Kunne na iya zuwa da baiwa daga haihuwa, amma hannu sai an hore shi. Ko Mozart, shahararren mai tsara kiɗan Turawa wanda kowa ke kafa misali da shi, bai faɗo daga sama ba. An haife shi a Salzburg a 1756, a shekarar da mahaifinsa Leopold ya wallafa littafin koyar da gogen Turawa. A gidan malamin kiɗa ya buɗe ido, yana kallon yayarsa Nannerl tana darasi, kuma ƙananan kiɗe-kiɗen da ya fara tsarawa yana ɗan shekara 5 mahaifin ne ya rubuta masa su. Daga 1763 zuwa 1766 uban ya yi ta yawo da su biyun a Turai, Paris, Landan, Hague, inda dukansu suka kwanta ciwo mai tsanani. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, har shi.

Gyaran ba ya buƙatar a mayar da fim ajin makaranta. Fitowa uku ko huɗu sun isa. A nuna yaron ya ji sauti sarai a cikin kansa, amma yatsunsa sun ƙi ba shi haɗin kai, ya yi ta maimaita wuri ɗaya har ya fusata ya ture kayan. A nuna tsirkiya ta tsinke ba shi da kuɗin sabuwa. A nuna ya kunyata a gaban mutane sau ɗaya. Sa'an nan a bar baiwar ta bayyana a saurin da yake kama abu: abin da wasu ke yi a shekara shi ya yi a wata biyu, ko ya ji kiɗa sau ɗaya ya mayar da shi ba kuskure. Wannan ya isa abin mamaki, kuma mai kallo zai yarda da shi. Abin lura shi ne fim ɗin da kansa ya san hanyar. Fitowar da ta fi kowace kyau a cikinsa ita ce lokacin da yaron ya gudo daga gidan marayu ya shigo birnin New York, ƙarar motoci da takun mutane da ƙugin jirgin ƙarƙashin ƙasa suka haɗu a kunnensa suka zama kiɗa. A nan an nuna mana yadda yake ji, kuma ba mai musun wannan. Inda aka ɓata shi ne da aka ce ji kaɗai ya wadatar.

Daga nan sai kuskuren rashin malami na gaskiya. Tun da an riga an ce kiɗan a jininsa yake, uwa makaɗiya uba mawaƙi, sai duk wani babba da ya haɗu da yaron ya zama ɗan kallo kawai. Malaman Juilliard ba su gyara masa komai ba, baki suka sake. Mu ba baƙin gado ba ne, mun san barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma mun kuma san yadda gadon kiɗa ke tafiya a zahiri: ɗan makaɗi yakan fara da ɗaukar kaya, ya koma amshi, ya daɗe yana bin ubangidansa gidan biki da ƙofar fada kafin a bar shi ya ja waƙa. Ga kuma maraya na gaskiya a cikinmu, marigayi Adamu Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Mahaifinsa makaɗin fada ne a Bukuru, ya rasa iyaye tun yana ƙarami, sarkin garin ya riƙe shi. Gado yana nan, maraici yana nan, amma sai da wani ya riƙe shi, kuma sai da ya je ya nemi kuntigi ya zauna da ita kafin tsirkiya ɗaya tak ta zama muryarsa. Ka ba yaronka malami mai nasa hali, mai iya cewa "sake, bai yi ba", wanda wataƙila yana kishin yaron a ɓoye ko yana tsoron ranar da zai wuce shi. Dangantakar nan ita kaɗai tana iya ɗaukar rabin fim.

Sai yawan dacewa. Evan ya haɗu da ubansa a wani dandali, suka yi musayar jita suka yi kiɗa tare, babu wanda ya san ɗan'uwansa. A daren da za a kaɗa kiɗan yaron a Central Park, babban filin shaƙatawa na birnin, a daren ne aka gayyaci uwarsa ta yi wasa a wuri ɗaya, bayan ta shekara da shekaru da ajiye sana'ar. Uban kuma yana cikin mota kan hanyar barin gari ya hango sunanta a allon talla. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya faruwa. Tara su gaba ɗaya ne ke sa mai kallo ya daina ganin mutane ya fara ganin hannun marubuci yana tura su. Ƙa'idar da nake bi ita ce: dacewa ɗaya a farkon labari an yafe maka, dacewar da ke jefa jarumi cikin matsala ma ana karɓa, amma dacewar da ke warware matsala ita ce ake ƙi. Abin takaici, fim ɗin yana da zaren da zai iya ɗinke komai. Akwai jami'in kula da yara, Richard Jeffries, wanda Terrence Howard ya fito a matsayinsa, ga kuma uwa da ta ji gaskiya daga bakin mahaifinta yana gargarar mutuwa ta bazama nema. Da an bar naci da bin takardu da ƙwanƙwasa ƙofofi sun kai ta ga ɗanta, da haɗuwar ta zama ladan wahalarta.

Na san amsar da masoyan fim ɗin ke bayarwa: ai tatsuniya ce, ba a tambayar tatsuniya dalili. Ban yarda ba. Tatsuniya ma tana da doka. 'Yar bora ba ta samun arziki sai ta cuɗa bayan tsohuwa a bakin rafi, ta ci abin da aka ba ta ba raini. 'Yar mowa da ta ƙi yi ta ga sakamako. Akwai jarrabawa, akwai abin da ake biya. Kuma tatsuniya tun daga "ga ta nan ga ta nanku" ta sanar da kai duniyar da ka shiga. Wannan fim kuwa ya kafa labarinsa a New York ta zahiri, da ofishin gwamnati da 'yan sanda da makaranta mai suna wadda ko sashenta na yara sai an yi gwaji ake shiga. In za ka yi tatsuniya, yi ta tun daga fitowar farko har ƙarshe. In ka ari duniyar gaske, ka bi dokokinta.

Wani kuskuren da ba a cika lura da shi ba shi ne a mai da yaron waliyyi. Evan ba ya ƙarya don son kai, ba ya rowa, ba ya riƙe kowa a zuci. Yaron da ya yi shekara 11 a gidan marayu ana cin zalinsa, ko sau ɗaya bai tambayi abin da ya sa aka yar da shi cikin fushi ba. Kullum fuskarsa a sama, ido cike da ƙwalla, yana murmushi. Yaro irin wannan ana tausayinsa, amma ba a damuwa da shi, don ba a san shi ba. A wannan wuri fim ɗin Vitus na ƙasar Suwizalan, wanda ya fito a 2006, ya fi dabara. Yaron ciki gwanin piyano ne mai tsiwa da girman kai, wanda burin iyayensa ya gundure shi har ya yi ƙaryar cewa baiwar ta gudu bayan wata faɗuwa da ya yi, don a ƙyale shi ya yi ƙuruciya. Ka ba yaronka abin da yake so wanda ya saɓa wa abin da manya ke so masa. Ka bar shi ya ɓata wa wani rai.

Mugun labarin ma haka. Wizard, mai tara yaran titi a wani tsohon gidan wasa yana karɓe kuɗin da suka samo da kiɗa, yakan zama uba mai tausayi a wannan fitowa, dodo a ta gaba, ba tare da an nuna abin da ya juya shi ba. Fitowa ɗaya da za ta nuna abin da shi ya rasa a kiɗa da ta wadatar.

Akwai kuma laifin da ke kan darakta da mai tace hoto. Duk lokacin da yaron ya taɓa abin kiɗa, sai kyamara ta koma kan fuskar wani babba da ya daskare don mamaki, kiɗan ƙasa kuma ya kumbura. Wato ana gaya maka "yanzu za ka yi kuka". Sau ɗaya yana aiki, a karo na biyar zuciya ta riga ta toshe. Gyaran shi ne a rage. A bar shiru ya yi aikinsa kafin kiɗa da bayansa, a tsayar da kyamara kan hannu da fuskar mai kiɗan a hoto guda. Wannan yana komawa ga zaɓen jarumi. A wasu wuraren jita na August Rush hannuwan gwanar jita Kaki King ake gani, shi ya sa dole a yi ta yanka hoto. A Vitus kuwa yaron, Teo Gheorghiu, makaɗin piyano ne na gaske, don haka kyamara na iya zama a kansa ba ta motsa ba. In kana da hali, nemi yaron da ya iya kiɗan ka koya masa wasa a gaban kyamara. In babu, ka ba jaruminka watanni yana koyo kafin a fara ɗauka, ka kuma rubuta kiɗan daidai da abin da hannunsa zai iya.

Sai ƙarshe, inda mutane suka fi jin an cuce su. Kusan awa biyu ana jiran haɗuwar mutum uku. Yaron ya gama jagorantar makaɗa, ya juyo, ya hango mace da namiji riƙe da hannun juna a gaban taro, ya yi murmushi, fim ya ƙare. Ba runguma, ba kalma ɗaya. Kiɗan da Mark Mancina ya tsara wa wannan wuri yana da kyau ƙwarai, ya tattaro sautukan da muka ji tun farko, amma an ɗora masa nauyin da na rubutu ne. Me uwa za ta ce wa ɗan da ta yi shekara 11 tana zaton yana kabari? Louis fa, wanda bai ma san yana da ɗa ba sai a wannan dare? Nan ne fim ɗin yake, kuma nan ne aka kashe fitila. In labarinka ya kai irin wannan gaɓa, zauna ka rubuta washegari da safe: su uku a ɗaki ɗaya, shayi ya huce, uwar ba ta san ko yaron yana shan sukari ba, kuma ba ta san sunan da za ta kira shi da shi ba, Evan ko August.