Yadda ake amfani da "Lord willing and the creek don't rise"

In kana hira da mutanen kudancin ƙasar Amurka, irin su jihar Tenesi ko Alabama, wata rana za ka ji wani ya ce maka "I'll be there, Lord willing and the creek don't rise." Kar ka tsaya tambayar ina rafin yake, insha Allahu ɗinsu ce, sai dai sun ɗaura mata jela: in Ubangiji ya yarda kuma rafi bai kawo ba.

Creek ƙaramin rafi ne. Da can a ƙauyukansu hanya ta cikin rafi take bi, to in aka kwana ana tafka ruwa ya kawo shi ke nan ba coci ba kasuwa sai ka zauna gida har ya janye, duk wanda ya taɓa maƙalewa a bakin gulbi cikin watan Agusta da kaya a ka ya san zancen.

A ƙarshen magana ake saka ta, bayan ka faɗi abin da kake niyyar yi nan gaba. Misali "We'll finish the roof on Saturday, Lord willing and the creek don't rise", wato ranar Asabar za mu gama rufi in ba wani cikas. God willing ma ya yi a madadin Lord willing. Amma don Allah kar ka ce za ka gyara musu nahawu ka mai da don't ɗin nan doesn't, haka suke faɗinta, kana gyarawa armashin ya tafi. Kuma maganar hira ce, kar ka kai ta takardar neman aiki.

Inda mutane ke rikicewa shi ne haɗa ta da "come hell or high water". Ita wannan ko ana muzuru ana shaho ce, ko ambaliya aka yi sai na zo, waccan kuwa ta bar ƙofar uzuri a buɗe.

Za ka kuma ci karo da labarin wai ba rafi ba ne, ƙabilar Creek ta 'yan asalin Amurka ake nufi, wai Benjamin Hawkins, wakilin gwamnatin Amurka a wajensu daga 1796, shi ya fara rubuta ta yana nufin in ba su yi bore ba, tunda rise na iya nufin tayar da bore. Labarin da daɗin ji, amma ba a ga jimlar a wasiƙunsa ba, don haka rubuta creek ɗinka da ƙaramin baƙi, ba da babban baƙi irin na sunan ƙabila ba.