Idan Ruwan Rufin Maƙwabci Na Zuba a Gidanka a Legas: Yadda Za a Tsayar da Ɓarnar

A unguwanni irin su Agege, Idi-Araba, Mile 12, Ijora da Obalende, gidaje sun matsu da juna har wani wurin da ƙyar mutum zai ratsa tsakanin bango biyu. Da damina ta kankama daga Afrilu zuwa Yuli, sannan ta dawo a Satumba da Oktoba, ruwan da ya sauka a rufin wani sai ya nemi hanya, kuma sau da yawa hanyar ita ce rufinka, bangonka ko tsakar gidanka.

Mutane kan raina yawan wannan ruwa. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne cif. Rufi mai tsawon mita 12 da faɗin mita 10, in aka yi ruwan milimita 50, wanda ba baƙon abu ba ne a watan Yuni a Legas, zai zubar da lita 6,000, wato durom 30 na lita 200. In rabin rufin ne ya karkato wajenka, durom 15 ke nan aka juye maka a jikin gida cikin 'yan sa'o'i. Ba kwanon da zai jure wannan shekara da shekaru, ba kuma filastar da za ta tsaya.

Ƙa'idar da ake tafiya a kanta mai sauƙi ce: kowane gida ya tattara ruwansa ya kai shi lambatun titi ta cikin filinsa. Shari'ar Musulunci ma a nan ta tsaya, tunda hadisi ya ce babu cuta babu cutarwa. Amma kafin ka ɗora wa kowa laifi, sai ka tabbatar ta ina ruwan ke shiga.

Gano bakin zaren

Inda silin ke ɗiga ba lallai nan ne ruwan ya shiga ba. Ruwa kan bi jikin katakon rufi ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya faɗo. Saboda haka a ranar da ba ruwa, a samu kafinta ya hau da tiyo, wani kuma ya leƙa cikin silin da tocila. A fara jiƙa kwanon daga ƙasa, wajen baki, a ba kowane wuri kamar minti goma, sannan a hau sama sannu a hankali. In aka fara daga sama, ruwan zai gangaro ya jiƙa ko'ina, ba a gane komai ba. Wurin da ɗigar ta fara bayyana a yi masa alama da fenti.

Abin da aka fi samu shi ne benen maƙwabci ya fi gidanka tsawo, bakin kwanonsa ba indararo, ko indararon ya karye, ruwan na faɗowa daga sama a kan layi ɗaya na rufinka. Ka duba layin da kyau: za ka ga kwanon ya yi fari ko ya yi jajayen ɗigon tsatsa a jere, kawunan ƙusoshi sun ɗago, robar da ke ƙarƙashinsu ta tsage. Ƙarfin faɗuwar kuma yakan tura ruwa ya koma baya ta ƙarƙashin haɗin fallaye biyu, musamman in rufin naka kwance yake ba shi da gangara sosai. Wannan layin tsatsa shi ne babbar shaidarka, domin kwanon da tsufa ya ci yakan lalace ko'ina ne, ba a layi ɗaya da ya yi daidai da bakin rufin wani ba.

Wani lokacin matsalar a ƙasa take. Maƙwabci ya cika filinsa da yashi, ya yi daɓe ko ya shimfiɗa intalok, gidansa ya ɗara naka tudu, sai ruwan ya taru a gindin katanga, ko ma a huda katangar a sako maka shi. Ko kuma wani ya zuba kankare a kan lambatun ƙofar gidansa bai bar wurin yashewa ba, ko ya sa ƙaramin bututu a inda kwata mai faɗi take, ruwa ya dawo baya ya shiga gidajen da ke sama da shi. Akwai kuma inda aka jingina rufin shago ko ɗaki da bangon maƙwabci aka like haɗin da siminti kawai. Kwano na motsi da zafi da sanyi, siminti ba ya binsa, sai ya tsage, ruwan da ke gangarowa a bangon ya bi tsagar.

Danshin bango na buƙatar kula, don ana yawan ɗora wa maƙwabci abin da ba nasa ba. Laimar da ke tasowa daga ƙasa takan tsaya wajen mita ɗaya, ta bar farin gishiri da fenti mai ɓarewa a kusan duk bangayen ɗaki, kuma a wuraren da ruwan ƙasa ke kusa, kamar Ijora da Ajegunle, wannan ruwan dare ne. Wadda ruwan maƙwabci ya jawo takan tsaya a bangon da ke fuskantarsa, ta ƙaru bayan kowane ruwa.

Ranar da ake ruwa, ka ɗauki bidiyo da waya: a ga bakin rufinsa, a ga inda ruwan ke sauka, a ga cikin ɗaki, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa. Ka ɗauki hoton kayan da suka lalace kafin ka kwashe su, ka ajiye rasit na duk abin da ka kashe.

Kafin a kai ga magana, ka kare mutanen gida. In ruwa ya kai wajen waya ko soket, a kashe wutar ɓangaren daga babban makunni. In silin ya kumbura ya yi ciki, a ajiye bokiti a huda shi da ƙusa ruwan ya fita, don in ya rufto gaba ɗaya yana iya raunata mutum. Tsofaffin gidaje da yawa silin asbestos gare su, kada a fasa shi ko a goge shi a bushe, ƙurarsa na lalata huhu. Kuma kada kowa ya hau jiƙaƙƙen kwano.

Wa za a yi wa magana, kuma yaya

In haya kake, mai gidanka ko mai kula da gidan za ka fara sanarwa, a rubuce, ko da saƙon WhatsApp ne da bidiyon a haɗe. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ɗora gyaran wajen gini da wuraren da ake tarayya a kan mai gida, sai dai ba ta aiki a Apapa, Ikeja GRA, Ikoyi da Victoria Island. Haka ma a ɗaya gefen: faɗa da ɗan hayan da ke gidan maƙwabci ɓata baki ne, ba shi da ikon taɓa rufi. Mai gidan za a nema.

Kada ka je lokacin da ruwa ke zuba kana jiƙe ranka a ɓace, kada kuma a bar maganar a bakin mata da yara ta kan katanga. Ka bari gari ya washe, ka same shi da kanka, ku gaisa sosai, sannan ka ce: "Alhaji, wata 'yar matsala ce ta kawo ni. Ruwan rufinmu da naku na haɗuwa a wuri ɗaya, har ya fara shiga ɗakin yara. Don Allah in ka samu sarari ka zo mu duba tare, mu ga yadda za a yi." Da yawa ba su taɓa ganin bayan gidansu lokacin ruwa ba, bidiyon kaɗai ya isa. In maƙwabcin Bayarabe ne ko Inyamuri kuma harshe na ba ka wahala, ka tafi da wanda ya iya, mai sanyin baki, wanda ba zai ƙara gishiri ba.

Shawararmu mafi muhimmanci ita ce a raba magana biyu. Ta farko, a tsayar da ruwan. Ta biyu, wa zai biya abin da ya lalace. In ka haɗa su a zaman farko, mutum zai ji kuɗi ka zo nema, sai ya musanta komai, ruwa kuma na ci gaba da zuba. A gama ta farko tukuna.

Gyaran da ke ɗorewa

Ku kira mai aiki ɗaya da kuka yarda da shi ku biyu, ya duba a gabanku. In kowa ya kawo nasa, kowanne zai faɗi abin da mai biyansa ke son ji.

Ga rufin da ke zubo wa wani, maganinsa indararo ne na kwance a bakin kwano, na roba ko na alminiyam, da bututun saukarwa. A ba shi gangara kamar santimita ɗaya a kowace mita uku zuwa wajen bututun, a sa maƙalai kada tazararsu ta wuce mita ɗaya, in ba haka ba zai lotsa a tsakiya, ruwa ya kwanta, sauro ya samu wurin ƙwai. Bakin kwanon ya shiga cikin indararon kamar santimita biyar. Ruwan Legas da ƙarfi yake zuwa, don haka bututu mai inci huɗu ya fi mai inci uku, kuma dogon indararo da ya wuce mita goma a ba shi bututu biyu. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sauko da bututun a bar bakinsa a gindin bango. An tara ruwan rufi duka ke nan a wuri ɗaya kusa da harsashin gini, abin ya fi na da muni. Dole a ja shi har lambatu, da gangarar aƙalla santimita ɗaya a kowace mita, a sa raga a saman bututun saboda ganye da leda. Kada a kuskura a haɗa shi da sokawen bayi, zai cika ya yi ambaliya a ruwa ɗaya. Wanda ke da wuri ya sa tanki ya tari ruwan don wanki, amma a yi wa tankin bututun rara zuwa lambatu.

Inda rufi ya haɗu da bango, a lanƙwasa fallen alminiyam, gefe ɗaya ya hau bango santimita 15, a tsaga bangon kamar santimita biyu da rabi a cusa bakinsa a like, ɗaya gefen ya kwanta a kan kwano. A naka rufin, fallayen da suka huje a canza su, haɗin sama da ƙasa ya hau juna santimita 15 zuwa 20, a yi amfani da ƙusa mai roba. A duba katakon da ke ƙasa da tsinin sukundireba: in ya nutse, ya ruɓe, sabuwar ƙusa ba za ta kama ba. Manna kwalta ko faci mai gam na iya kai ka ƙarshen damina, amma ba gyara ba ne. Silin da fenti kuwa su ne na ƙarshe, bayan an ga ruwa biyu ko uku ba ɗiga.

Inda tudun daɓe ne matsalar, a yanka 'yar kwata a gefen maƙwabcin, a bin katanga, ta fita titi, a toshe hujin da aka yi. Toshewar lambatu kuma aikin layi ne gaba ɗaya, a kai shi ƙungiyar ci gaban unguwa, wato CDA.

A rabon kuɗi, abin da ya fi zama adalci shi ne mai rufin ya ɗauki indararo da bututu, tunda ruwansa ne. Ɓarnar da ta riga ta faru a duba shekarun kwanon: in dama ya tsufa, neman a saya maka sabon rufi kacokan zalunci ne, a raba. Duk abin da aka amince a rubuta: aikin da za a yi, wanda zai biya, adadin kuɗi, ranar gamawa, sa hannunku da na shaidu biyu, kowa ya riƙe kwafi.

In ya ƙi

Kada ka datse masa kwano, kada ka cusa siminti a bututunsa, kada ka daina biyan haya ba shawarar lauya. Duk wannan zai mai da mai gaskiya mai laifi. 'Yan sanda ma ba hurumin su ba ne sai in an kai ga barazana ko duka.

A fara da liman ko dattijon da yake jin nauyinsa, sannan Sarkin Hausawan unguwa, ko Baale, wato mai unguwa a wajen Yarabawa, da shugaban CDA in ba Bahaushe ba ne. In bai yiwu ba, Ma'aikatar Shari'a ta jihar na da cibiyar sulhu mai suna Citizens' Mediation Bureau (a da Citizens' Mediation Centre), kyauta take, ita za ta gayyace shi a zauna a rubuta yarjejeniya. Akwai kuma Lagos Multi-Door Courthouse, wata cibiyar sulhu da ke haɗe da kotu, inda sulhun da alƙali ya sa wa hannu ke zama hukuncin kotu. Ruwan da ke kwanciya da toshe kwata, duba-gari na ƙaramar hukuma za a kai wa. Ginin da ya ci iyaka ko ya hau kan magudana kuwa, hukumar kula da gine-gine ta jihar, wato LASBCA, ke da shi, amma ka duba naka ginin kafin ka kira su, domin in sun zo ɓangarorin biyu za su auna.

Kotun ƙananan basussuka ta Legas na sauraron neman kuɗi har naira miliyan biyar, kuma takardar da kuka sa wa hannu mai ɗauke da adadi ita za ta ba ka ƙafar tsayawa a can. In kuwa umarnin kotu kake nema na a tilasta masa gyara, sai ka ga lauya, ka tafi da bidiyon, hotuna, rasit, rahoton mai aikin da ya duba, da kwafin saƙonnin da ka aika masa.

Lokacin aikin rufi shi ne ɗan sararin da ruwa ke bayarwa a Agusta, ko daga Disamba zuwa Maris. A sa a cikin yarjejeniyar cewa za a riƙe wani kaso na kuɗin mai aiki sai an yi ruwa mai ƙarfi na farko kun fito kun duba tare, kuma a rubuta wanda zai riƙa yashe indararon kafin kowace damina.