Kurakuran da aka fi yi wajen auna matasan 'yan wasan Angels

Duk shekara idan damina ta yi nisa, sai sababbin masu bin wasan besbol su fara yawo da alƙaluman wani yaro daga ƙananan ƙungiyoyin Los Angeles Angels, suna cewa magajin Mike Trout, tauraron ƙungiyar, ya iso. Na gaji da maimaita amsa ɗaya, shi ya sa na ga gara in rubuta ta gaba ɗaya kowa ya huta.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne ƙirga ƙwallayen da yaro ya buga suka tsallake katanga, ba tare da an tambayi a wane fili ya buga su ba. Ƙungiyar Angels ta matakin Triple-A, wato matakin ƙarshe kafin babbar gasa, tana Salt Lake ne, garin da ke kan tudu na kusan mita 1,300 sama da teku. Abokan karawarta kuwa su ne irin su Albuquerque da Reno da Las Vegas da El Paso. A waɗannan wurare iska ba ta da nauyi, ga bushewa, saboda haka ƙwallo tana tafiya da nisa, kuma jifa mai lanƙwasa ba ta karyewa yadda ya kamata. Bugun da za a cafe cikin sauƙi a Anaheim, gidan Angels, da dare, a can sai ya faɗa bayan katanga. Wanda ya ɗauki waɗannan alƙaluma yadda suke, kallon kitse yake yi wa rogo.

Brandon Wood ne ya koya mini wannan, kuma karatun ya yi mini tsada, domin na yi shekaru ina kare shi a gaban mutanen da suka fi ni gani. A 2005, yana ɗan shekara 20, ya tsallakar da ƙwallo 43 a Rancho Cucamonga, a gasar Kalifoniya wadda ita ma aka sani da gatanta masu bugu. Kowa ya ruɗe. Amma a shafin nan dai, ɗan gaba kaɗan da lambar 43, akwai wata lamba da ba wanda ya so ya kalla: kusan a kowane wasa sai an kore shi, wato ya kasa buga jifa uku an fitar da shi. Da ya hau Double-A, matakin da ke ƙasa da Triple-A, a shekarar da ta biyo baya, korar ta ƙaru. A 2010 aka damƙa masa tsaron tushe na uku a babbar ƙungiyar Angels bayan mai wurin, Chone Figgins, ya koma Seattle, sai ya gama kaka da matsakaicin bugu .146, wato bugu mai kyau ƙasa da 15 cikin kowane 100. A shekara ta gaba Angels suka sake shi, ya bar babbar gasa da .186 a duk rayuwarsa ta wasa. Ƙarfi yana da shi, wannan ba gardama. Abin da bai da shi shi ne idon da zai bambanta jifa mai gudu da wadda za ta karye ta faɗi ƙasa a gabansa, kuma masu jifa na babbar gasa ba sa buƙatar mako biyu kafin su gano haka.

To ni tun daga nan, ga al'adata. Ina rufe layin tsallake katanga da yatsa, in fara duba sau nawa aka kore shi da sau nawa ya haƙura ya bar jifar banza ta wuce har aka ba shi tushe kyauta. Idan ana korar sa kusan sau ɗaya cikin uku a Double-A, kuma ba ya samun na kyauta, ba na ƙara karanta komai sai na ga ya gyara. Sannan in raba wasanninsa na gida da na waje. Wasu za su ce na cika tsanani, su kawo misalin Aaron Judge da aka kora sau 42 cikin bugu 84 a 2016, ya dawo ya tsallakar da ƙwallo 52 a 2017. Na ji. Amma Judge ya iya haƙuri tun yana ƙasa, yana barin ƙwallon banza ta wuce, kuma abin da nake nema ke nan.

Shekaru ma a duba. Ɗan shekara 25 da ke dukan yara a Single-A, matakin ƙasa, ba labari ba ne. Ɗan 19 da ke ɗan taɓukawa a Double-A shi ne abin tsayawa a kai.

Haka nan kada a yi wa yaro jana'iza saboda watansa na farko a sama. Trout ya buga .220 ne cikin wasa 40 a 2011. Shekara ɗaya bayan nan ya buga .326, ya tsallakar da 30, ya saci tushe 49.

Yanzu ga na biyu, kuma a nan ne nake so ku saurara da kyau, domin wallahi abin ya isa. Ku daina buɗe jerin waɗanda suka fi rufe wasa, wato masu jifar da ake sakowa a ƙarshe su kare nasara, a ƙananan gasanni kuna cewa ga mai rufe wa Angels wasa nan gaba. Wa ya gaya muku daga can suke fitowa? Mai karɓar jifa a ƙarshen wasa, galibi mutum ne da aka fara gwadawa a wani aiki. Francisco Rodríguez mai buɗe wasa ne a ƙasa, sai a 2002 aka mayar da shi mai karɓa. A watan Satumba aka kira shi sama yana ɗan shekara 20, ya ci wasa 5 a zagayen fitar da gwani, Angels suka ɗauki kofin World Series, wato kofin zakarun babbar gasa, kuma a 2008 ya rufe wasa 62, tarihin da har yau ba a karya ba. Troy Percival, wanda ya yi jifar ƙarshe a wasa na bakwai da Giants a shekarar kofin, a matsayin mai cafe ƙwallo a bayan mai bugu aka ɗauke shi a 1990. Sanda ta ƙi shi, aka lura da hannunsa. Mariano Rivera kansa ya buɗe wa Yankees wasa 10 a 1995 kafin a gane inda ya dace.

Dalilin a fili yake. Ƙungiya ba ta ɓarnatar da hannu mai kyau a zagaye ɗaya tun yana ƙarami, tana ba shi zagaye biyar ko shida don ya koyi jifa iri uku. Wanda ya kasa koyon ta uku, ko numfashinsa ya ƙare a zagaye na huɗu, shi ake turawa baya, kuma da ya san zagaye ɗaya kawai zai yi sai gudun jifarsa ya ƙaru. Don haka ni ina neman mai buɗe wasa ne da alƙalumansa suka yi muni, amma yana da jifa biyu masu kaifi, kuma masu bugu suna kai sanda suna dukan iska a karon farko da suka fuskance shi.

Matsakaicin makin da aka ci mai karɓa kuwa, ku ajiye shi gefe. Mutumin da ke jifa zagaye 50 ko 60 a shekara, dare biyu marasa kyau sun isa su ɓata masa lissafin kaka sukutum. Ku ƙirga waɗanda ya kora da waɗanda ya ba tushe kyauta.

Gudu kaɗai ma ba ya wadatarwa. Ben Joyce ya jefa mil 105.5 a awa tun yana jami'ar Tennessee, ya maimaita a rigar Angels a 2024, sai ga tiyatar kafaɗa a 2025. Kafin in yi murna da lambar da na'ura ta nuna, sai na tambayi tarihin gwiwar hannu da kafaɗa, da kuma ko ya taɓa jifa kwana biyu a jere. Mai jifa da hagu wanda hagu kawai yake iya korewa shi ma darajarsa ta faɗi tun 2020, lokacin da doka ta wajabta wa mai karɓa fuskantar mutum uku ko ya kai ƙarshen zagaye, saboda haka ku duba yadda yake yi da na dama kafin ku sa shi a jerinku.