Kafin ka sayi Kindle ko wata na'urar karatu, ga abin da za ka duba

Tunda na fara yawo da Kindle ɗina a Samarun Zariya kusan kullum sai wani ya tsayar da ni, "Malam wannan wace irin waya ce haka babu kala?" In na ce masa littattafai ne a ciki sai ya ce to nawa ake sayarwa, wacce ta fi kyau. Ni kuma amsata ɗaya ce, ajiye maganar kuɗi tukuna, gaya min me kake karantawa. Don na ga wanda ya tara kuɗinsa da ƙyar ya saya, sati biyu ya jefa ta a durowa, alhali lafiyarta ƙalau, abin da yake karantawa ne bai dace da ita ba.

A fara gane bambancinta da waya. Sikirin ɗinta E Ink ake ce masa, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a ciki, in ka buɗe shafi sai su jeru su fito da rubutu su tsaya a haka, ba sa jan batir sai za ka juya wani shafin, shi ya sa caji ɗaya yake kai makonni, kuma mu da ake ɗauke wa wuta a kwana biyu ba a kawo ba mun san darajar wannan. Haskenta ma ba kamar na waya yake ba mai dukan ido, 'yan fitilu ne a gefe suke haska fuskar shafin. Da rana tsaka kuwa, a inda waya take zama madubi, ita rubutunta ƙara fitowa yake raɗau kamar takarda. Babu WhatsApp babu TikTok, ka zauna karatu karatun za ka yi.

Yanzu ga inda ake tafka asara. Littafin na'ura kala biyu ne. Akwai irin su EPUB, wanda rubutun yake bin girman sikirin, ka ƙara wa haruffa girma layukan su gyara kansu. Akwai kuma PDF, wanda shafin yake a kafe yadda aka tsara shi, musamman wanda aka ɗauki hoton littafi aka haɗa. To mu ɗaliban ABU da tsohuwar FCE da Nuhu Bamalli yawancin abin da ke hannunmu PDF ne, hendawut ɗin da wani ya ɗauka da waya ya tura a guruf, shafin ma a karkace da inuwar yatsa a gefe. Wata ƙanwata da ke karatu a Kongo ta ari tawa da jarabawa ta matso, muka zuba mata hendawut, shafin A4 guda ya matse a sikirin inci 6, rubutu ya koma kamar tururuwa, sai ta buɗa shi da yatsu biyu ta ja hagu ta ja dama, ga na'urar ba ta da saurin waya, kowane motsi sai sikirin ya yi ƙiftawa ya dawo. Kafin Isha'i ta dawo min da ita ta ce "Yaya na gode, gara in je in yi fotokwafi." Kuma gaskiyarta ne.

Saboda haka in PDF ne abincinka, ko manyan littattafan Larabci da aka ɗauka a hoto masu sharhi da hashiya a gefe, kar ka sayi ƙarama. Nemi mai inci 10, irin Kindle Scribe ko Kobo Elipsa ko manyan Boox, in kuɗin bai kai ba wallahi tablet ta fi maka. In kuwa labarai ne da tarihi da littattafan da rubutu ne zalla, ƙaramar ta wadatar har ta yi yawa.

Kamfanonin da za ka ci karo da su ba su da yawa. Kindle ta Amazon ce, tun 2007 ake yin ta, ita ta fi samuwa a hannun mutane a nan, rigarta ma ta fi sauƙin samu. Da aka fitar da sababbi a 2024 ƙaramar dala 110 ce a Amurka, Paperwhite mai inci 7 kuma dala 160, kai sai ka lissafa canji da kuɗin kawowa. Matsalar Kindle ba ta buɗe EPUB kai tsaye in ka zuba ta kebul, sai ka tura ta Send to Kindle, hanyar Amazon ta tura fayil, da data, ko ka juya fayil ɗin a kwamfuta da Calibre, manhaja ce ta kyauta kuma duk mai na'urar karatu ya kamata ya koye ta. Kobo ita ba ruwanta, jona kebul ka zuba EPUB shi kenan. Boox kuma Android ce a ciki, wannan yana da muhimmanci ga masu bin littattafan Hausa na onlayin, don in a Wattpad ko wata manhaja marubuciyarki take sakin labarinta, Kindle da Kobo ba sa ɗaukar manhajoji, Boox ce take ɗauka, sai dai batirinta bai kai nasu juriya ba.

Wani abu da mai shago ba zai gaya maka ba, haruffanmu masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ. Wasu salon haruffan na'urar ba su da su, sai ka ga kalmar "ƙasa" ta fito da ƙ ɗin daban da sauran ko ɗan akwati a wurinsa. Maganin mai sauƙi ne, sauke Charis SIL ko Gentium, kyauta ne, ka zuba a jakar fonts ta cikin na'urar ka zaɓe shi. Kindle da Kobo duk suna karɓa.

In Kindle ta hannu za ka saya, a Sabon Gari ne ko wajen PZ ko hannun wani ɗalibi, kar ka biya sai ka kunna hotspot ɗinka ka shigar da asusunka na Amazon a gaban mai ita, saboda wadda aka kai rahoton an sace ko ta ɓata ana toshe ta, ba za ta ƙara rijista ba. Buɗe farin shafi ka ƙure haske ka duba ko akwai ɗigo ko layin da ba ya gogewa, in akwai gilashin ciki ya tsage, bar ta. Baƙin da take yi ta dawo in ka juya shafi wannan ba ciwo ba ne, haka suke. Duba ramin caji, in USB-C ne ka san ba tsohuwa ba ce can, Paperwhite ta koma shi a 2021, ƙaramar a 2022. Ƙananan Kindle na kafin 2019 ba su da fitila sam, da dare sai ka haɗa da tocila. Maganar gigabait kar ta dame ka, 8 ma tana ɗaukar dubban littattafai.

To ta maye gurbin littafin takarda? A wajena a'a, kuma ba na so wani ya saya da wannan tunanin. Ta fi shi a tafiya, giram 200 da 'yan kai ne, ka hau motar Kano ko Kaduna da laburare guda a jaka. Ta fi shi ga dattijon da ido ya fara rauni, ya ƙara girman rubutu yadda yake so. Gara ba ta cin ta, ni kuwa na taɓa buɗe kwalin littattafan mahaifinmu bayan damina na tarar rabinsu sun zama ƙasa, har yau abin yana min ciwo. Amma littafin da ka saya a Amazon a kulle yake da asusunka, izinin karantawa ka saya, ba za ka miƙa wa abokinka aro yadda muka saba ba, ba za ka sayar ba. Kuma a karatun zaure, malam yana biya maka kana rubuta ma'ana a ƙarƙashin kalma da biro, ka sa yatsa a shafi ɗaya ka leƙa wani ka dawo, takarda ba ta da na biyu. Sannan mu nan Zariya garin kamfanonin buga littattafai ne na Gaskiya da NNPC (ba ta man fetur ba), tsofaffin littattafan Hausa da aka buga a Tudun Wada da yawansu ba za ka same su a kantin Amazon ko Kobo ba, sai a shagon littattafai ko laburaren Kashim Ibrahim na ABU ko kantar gidan wani dattijo. Waɗanda suke yawo a guruf kuma galibi ba da izinin masu su ba ne, in marubuci yana sayar da nasa a biya shi don Allah, guminsa ne.

Ranar da ka saya, sayi riga mai murfi tare da ita. Gilashin sikirin ɗin siriri ne ƙwarai, kar ka sa ta a aljihun baya ka hau acaɓa, kar ka cusa ta a jaka tare da caja da makullai, in ya fashe samun mai canza shi a nan aiki ne. Da hunturu ka riƙa goge ƙura da ƙyalle mai laushi, ka kashe wayifai in ba littafi kake saukewa ba, batirin zai ƙara daɗewa.