Yadda ake bin salsalar kalmar "dindindin" a harsunan Turai

Mai sauraron labaran duniya ya saba jin "kujerar dindindin a Kwamitin Sulhu", wato kujerun nan biyar na Amurka da Birtaniya da Faransa da Rasha da Sin. Kalmar da Bature ke faɗa a wurin ita ce permanent, kuma ita ce a laƙabin babban sakataren ma'aikata da muke kira famsak. Da ita zan nuna yadda ake tono asalin kalma, saboda danginta na da yawa kuma sawunta bai ɓace ba.

Ka fara da jera ta a takarda guda. Ingilishi da Faransanci suna rubuta permanent, Sifaniyanci da Italiyanci da harshen Fotugal kuma permanente. Kamannin sun yi yawa a ce dace ne. Dukkansu daga Latin, harshen Rumawan da, suka samo ta.

Sai ka fasa ta gida biyu. A Latin, per na nufin ratsa abu daga farkonsa har ƙarshe, manere kuma zama a wuri ba tare da tashi ba. Permanere ke nan: a zauna har ƙarshe. Ka lura, kalmar ba ta ɗauke da wani zurfin falsafa a tushenta. Hoton mutum ne da kowa ya watse ya bar shi zaune.

Daga nan ka nemi dangin saiwar, kuma nan ne aikin ke da daɗi, don haka kada ka yi gaggawa. Rumawa suna da masaukai a kan manyan hanyoyinsu inda matafiyi ke kwana ya huta, irin zangon fatake, sunansu mansio, daga manere ɗin nan. Shi ya zama maison, gida a Faransanci, ya kuma zama mansion, katafaren gida a Ingilishi. Remain na Ingilishi, wato ci gaba da zama, shi ma ɗan gidan ne. A tsohon Girkanci menein na nufin zama, kuma har yau Girkawa na kiran abu na dindindin monimos. Wannan ba aro ba ne daga Latin. Girkanci da Latin kakansu ɗaya, dangantakar da William Jones, wani masanin harsuna ɗan Birtaniya, ya yi magana a kanta a Kalkata ta Indiya a 1786.

Abu na gaba, ka bincika lokacin da kalmar ta shiga kowane harshe, a ƙamus mai kawo shekarar da aka fara ganin ta a rubuce. A Ingilishi ƙarni na 15 ne, bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066 sun cika harshen da kalmomin Faransanci da na Latin.

Matakin da masu koyo suka fi tsallakewa shi ne duba harsunan da ke da tasu kalmar, alhali a ganina ya fi sauran amfani. Bajamushe yakan ce beständig, daga stehen, tsayuwa. Mutumin Rasha na cewa postoyanny, ɗan Folan kuma stały, duka daga aikatau na tsayawa. Akwai kuma dauerhaft na Jamusanci, wanda ya fito daga durare na Latin, shi kuma daga durus, abu mai tauri. Ka ga hotuna uku ke nan: wanda ya zauna, wanda ya tsaya, da abin da ya yi tauri. Mu ma muna cikin wannan lissafi, domin kwamitin da Bature ke cewa a tsaye yake, mu zaunannen kwamiti muke kiransa.

Amma fa a yi hattara da kama, don kama da wane ba ta wane ba ce. Kunne zai so ya haɗa durare da "ɗorewa", ko Dauer, tushen dauerhaft, da "dawwama". Babu alaƙa ko kaɗan. Dawwama daga Larabci muka karɓo ta, Hausa kuwa ba dangin Latin ba ce. Kada ka yarda da dangantakar kalmomi biyu sai ka ga tsofaffin sifofinsu a rubuce, kuma canjin sautin ya maimaitu a wasu kalmomin.

Daga ƙarshe ka dawo da ita zamaninmu, ka ga inda ma'anar ta karkata. A Faransanci, permanence na iya zama ofishin da ake barin mutum a ciki yana jiran masu zuwa, ko ɗakin da ɗalibai ke zama idan ba su da darasi. A 1906 kuma wani Bajamushe, Karl Nessler, ya nuna a Landan yadda ake nannaɗe gashin mata da sinadari da zafi ya yi watanni bai warware ba. Har yau a shagunan gyaran gashi na Faransa da Italiya da Sifaniya, permanente ake ce wa wannan gyara.