Yadda ake muhawara kan lafiya kyauta da inshorar kamfani

Duk wanda zai shiga wannan muhawara a Damagaram, ko a zauren Jami'ar André Salifou ko a fada ana jiran shayi na biyu, ya kamata ya fara da tsayar da ma'anar "kyauta", domin kowane ƙwayar magani akwai wanda ya biya kuɗinsa. A Ingila, inda aka kafa tsarin lafiya na kowa da kowa a 1948, haraji ne ke ɗaukar nauyin. A tsarin inshora kuwa, mutum ne ke zuba kuɗi wata-wata tun yana da ƙoshin lafiya. Kada a ci gaba sai an amince cewa gardamar tana kan wanda zai biya ne, da lokacin da zai biya.

Idan kana goyon bayan tsarin kowa da kowa, ka kafa hujjarka kan adalci, kuma ka kawo ta gida. Ka kwatanta manomin Mirya da ya ɗauko ɗansa mai zazzaɓin cizon sauro a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma gero bai nuna ba, sannan ka tambayi abokin karawarka wane kamfani ne zai yi masa rajista alhali ba shi da albashin da za a yanka. Misalin Amurka zai ƙara maka ƙarfi, domin tana kashe kusan kashi 17 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara kan lafiya, amma miliyoyin mutanenta ba su da inshora, kuma sai da dokar 2010 ta zo aka hana kamfanoni korar mai tsohon ciwo.

Idan kana ɗaya ɓangaren, kada ka ɓata lokaci wajen yabon kamfanoni. Ka nufi 2006 kai tsaye, shekarar da Nijar ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuɗin asibiti. Gwamnati ta yi ta jinkirin biyan cibiyoyin lafiya kuɗin da suka kashe, har magani ya riƙa yankewa, uwa ta fito da takardar likita a hannu ta nufi farmasi ta saya da kuɗinta. A ganina wannan ita ce hujja mafi nauyi a duk muhawarar, kuma musunta ɓata baki ne. Wanda aka jefa wa ita gara ya amsa da alƙawarin Abuja na 2001, inda ƙasashen Afirka suka yarda su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu, ya nuna cewa rashin ware isassun kuɗi ne ya kawo cikas, ba tsarin kansa ba.

Daga nan sai kowane ɓangare ya faɗi inda kuɗin tsarinsa zai fito a garin da yawancin masu sana'a, daga 'yan kabu-kabu har 'yan tireda na Kasuwar Dole, ba su da takardar albashi.